Me ya sa AC ɗin mota ke daina sanyi bayan mai ita ya gyara injin da kansa?

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana kan kai digiri 40 ko ya haura a garuruwa irin su Njamena, Marwa, Garwa da Yamai. A irin wannan lokaci na'urar sanyaya mota, wadda ake kira klim a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, AC kuma a Gana da Najeriya, ta wuce kayan jin daɗi. Direban haya na rasa fasinja idan babu ita, mai ɗaukar ƙananan yara ko tsofaffi a doguwar tafiya kuma na jefa lafiyarsu cikin haɗari.

Tsadar kayan gyara da kuɗin aiki ta sa masu motoci da dama suna yin wasu gyare-gyare a ƙofar gida: sauya bel, famfon ruwa, lagireto, alteneta, wani lokaci har da gaskit ɗin saman injin. Sau da yawa aikin kan yi kyau, injin ya tashi lafiya ƙalau. Sai an hau hanya an danna maɓallin AC, a ji iska mai ɗumi na fitowa. Daga nan ne asara ke farawa, domin abin da aka fi gaggawar yi shi ne zuwa a ƙara gas, idan bai yi ba a ce kwamfuresa ta mutu. Kwamfuresa kuwa tana cikin kayan da suka fi tsada a gaban mota.

Na'urar da ke aiki jiya, ta tsaya yau bayan an taɓa injin, da wuya a ce ta mutu ne haka kawai. Mafi yawan lokuta matsalar na nan kusa da inda hannu ya shiga. Wanda ya bi bincike daki-daki, daga abin da ba ya cin ko sisi zuwa wanda ke buƙatar gwani, zai iya gano ta cikin sa'a guda.

Yadda sanyin ke samuwa

AC ba ya ƙera sanyi, zafin cikin mota yake kwashewa ya zubar a waje. Abin da ke ɗaukar zafin shi ne gas ɗin da ke zagayawa cikin rufaffun bututai. Kwamfuresa, wadda injin ke juyawa da bel, tana matse gas ɗin har ya yi zafi sosai. Daga nan ya wuce kondensa, wato abin nan mai kama da lagireto da ke gabansa, inda iska ke huce shi ya koma ruwa. Ruwan ya ratsa wata ƴar tukunya mai tace datti da tsotse danshi, sannan ya bi ta wata ƙanƙanuwar kafa. Yana fita daga kafar sai matsinsa ya faɗi, ya shiga tafasa cikin wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. Gas ɗin R134a, wanda yawancin motocin yankin ke amfani da shi, yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifili idan babu matsi a kansa, shi ya sa yake zuƙe zafin iskar da fankar ciki ke hurawa ta wurin. Bayan haka ya koma kwamfuresa, zagayen ya sake farawa.

Kafin wannan zagaye ya yiwu, sai abubuwa biyar sun cika: bel na juya kwamfuresa, wuta na isa gare ta, kwamfutar mota ta ba da izini, iska na ratsa kondensa, kuma gas ya isa. Gyaran injin na iya taɓa kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin, ko da mai gyaran bai kusanci AC da niyya ba.

Tambayoyi biyu kafin a ɗauki sifana

Ta farko: yaushe ne rabon da a ga AC ɗin yana sanyi? A watannin hunturu mutane da yawa ba sa kunna shi ko kaɗan. Idan an yi gyara a Fabrairu kuma rabon da a kunna shi tun Nuwamba, mai yiwuwa gas ɗin ya daɗe da sulalewa a hankali, gyaran kawai ya zo daidai da lokacin da aka lura.

Ta biyu: me da me aka cire? Yana da kyau a zauna a rubuta jerin duk abin da aka kwance, aka zare, ko aka ture gefe. Wanda ya sauya lagireto ya yi aiki dab da kondensa da fanka. Wanda ya sauya alteneta ko famfon ruwa ya cire bel, wataƙila ma ya kwance kwamfuresa daga mazauninta don ya sami wuri. Wanda ya ɗaga saman injin ya zare soket da tiyo masu yawa. Wanda ya cire bamba ya taɓa na'urar auna zafin waje. Wannan jeri shi ne taswirar binciken.

A saurari abin da motar ke faɗa

A ajiye mota a wuri mai iska, a ja birkin hannu, a tada injin, a buɗe bonet. Mutum ɗaya ya zauna ciki ya sa fanka a ƙarshen gudu ya danna maɓallin AC, ɗayan ya tsaya yana kallon kwamfuresa. Wanda ke tsaye a gaban injin ya cire babbar riga, rawani, mayafi ko carbi, domin bel ba ya jiran kowa. Fankar lantarki ma tana iya tashi da kanta ba zato, a wasu motocin ko bayan an kashe injin.

A kwamfuresa mai kuloci, fulin waje yana juyawa muddin injin na aiki, amma farantin da ke tsakiya ba ya motsi sai an kunna AC. A lokacin ne ake jin ƙara “ƙas”, farantin ya manne ya fara juyawa, ƙarar injin ta ɗan sauya. Motoci da yawa na baya-bayan nan, musamman na Turai, suna da kwamfuresa marar kuloci, wadda tsakiyarta ke juyawa kullum. A irin wannan, ido ba ya wadatarwa. Sai a bar AC ya yi minti biyar, a taɓa bututan aluminiyam guda biyu a hankali: mai kaurin ya kamata ya yi sanyi har ya yi raɓa, siririn kuma ya yi zafi. Idan zafinsu ɗaya, gas ba ya zagayawa.

Alamomin da aka fi gani su ne:

- Babu iskar da ke fitowa ko kaɗan: matsalar na wajen fankar ciki, fiyus ɗinta ko wayarta.
- Iska na fitowa da ɗumi, kwamfuresa ba ta kamawa: wuta ce ba ta isa, ko kwamfuta ta hana, ko gas ya ƙare.
- Tana kamawa tana saki cikin ƴan daƙiƙoƙi: gas ya yi kaɗan, ko matsi na hawa fiye da ƙima.
- Akwai sanyi idan ana gudu, babu idan an tsaya: fankar gaba ce ko kondensa.
- Kuka mai tsini da zarar an kunna: bel ne.
- Bututai sun yi sanyi amma ciki da zafi, ko iska na fita ta wajen gilashin gaba kawai: matsalar na wajen ƙofofin da ke raba iska.

Soket, fiyus da rile

Nan ne aka fi samun mai laifi, kuma gyaransa kyauta ne. A kashe injin a zare makulli, a bi soket ɗin da ke jikin kwamfuresa, wanda sau da yawa yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Wani lokaci an mayar da shi amma bai shiga har ya yi ƙara ba, ko ƙugiyar robarsa ta karye, girgizar hanya ta zare shi. Sai a duba soket ɗin na'urar auna matsin gas, wadda ke ɗaure a jikin siririn bututu, galibi kusa da kondensa. Idan wannan a zare yake, kwamfuta ba ta san ko akwai gas ba, don haka ba za ta bari kwamfuresa ta kama ba.

A kuma nemi wayoyin da ake ɗaurewa da noti a jikin ƙarfen injin ko gangar mota, waɗanda wasu ke kira at, wasu mas. Ana yawan mantawa da su bayan an ɗaga saman injin, kuma guda ɗaya da aka bari tana lilo na iya kashe abubuwa da dama lokaci guda. A duba ko wata waya ta matse tsakanin ƙarfe biyu lokacin ɗauri, ko ta kwanta a kan bututun hayaƙi ta narke.

Wanda ya yi aiki ba tare da cire kan batir ba, sifana na iya haɗa wuta ta ƙona fiyus bai sani ba. Murfin akwatin fiyus na ɗauke da zanen da ke nuna na AC. A ciro shi a duba, idan ya ƙone a sa wani mai lamba iri ɗaya. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta ɓare tana taɓa ƙarfe, kuma sa fiyus mai babbar lamba ko naɗa zaren waya a madadinsa hanya ce ta ƙona mota. Shi kuwa rile, ana gwada shi ta hanyar musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin, kamar na oda.

Mai ƴar mitar auna wuta zai iya ƙara mataki. Idan AC na kunne, ya kamata a sami wajen volt 12 zuwa 14 a soket ɗin kuloci. Idan babu, matsalar na baya: fiyus, rile, waya ko izinin kwamfuta. Idan akwai amma faranti bai manne ba, a kashe injin a auna naɗin wayar kulocin, wanda a yawancin motoci ke ba da om 3 zuwa 5. Tazarar da ke tsakanin faranti da fuli kuma ba ta wuce kimanin rabin milimita. Idan ta buɗe saboda tsufa, maganaɗisun ba ya iya jawo farantin, musamman idan injin ya yi zafi. Ana gyara wannan ba tare da an sauya kwamfuresa ba.

Bel da hanyarsa

Motoci da yawa na amfani da dogon bel guda ɗaya mai zagaye fuli biyar ko shida. Abu ne mai sauƙi a mayar da shi ta hanyar da ba tasa ba, kuma injin ya tashi kamar komai daidai. Ƙa'idar ita ce ɓangaren bel mai layi-layi ya hau fuli mai layi-layi, bayansa mai santsi ya hau fuli mai santsi. Zanen hanyar na manne a ƙarƙashin bonet a motoci da dama. Kuskure a nan ya wuce batun sanyi, domin a wasu injuna yana iya sa famfon ruwa ya juya baibai, injin ya yi zafi.

Akwai kuma batun tsawo. Mota iri ɗaya kan fito da bel biyu, na mai AC da na marar AC, na biyun ya fi gajarta kuma ba ya bi ta kan kwamfuresa. A tsofaffin motoci masu bel daban-daban, ana iya mantawa da ɗaure na kwamfuresa yadda ya kamata. Bel da ya yi sako-sako, ko wanda man injin ko ruwan lagireto ya zuba a kansa lokacin aiki, yana zamewa da zarar nauyin kwamfuresa ya hau shi. Wasu motocin Toyota na da na'urar da ke kwatanta gudun kwamfuresa da na injin. Idan suka saɓa, sai ta kashe kwamfuresa, fitilar maɓallin AC ta shiga ƙiftawa. Ganin wannan ƙiftawa bayan gyara na nufin a fara da bel da soket ɗin wannan na'ura.

Lokacin da kwamfuta ce ta hana

Kwamfutar mota na fifita lafiyar injin a kan jin daɗin fasinja. Idan ta ga ruwan injin ya yi zafi fiye da ƙima, tana yanke AC don rage wa injin nauyi. Wannan na faruwa sosai bayan sauya lagireto, famfon ruwa ko gaskit, idan iska ta maƙale a cikin hanyar ruwa ba a fitar da ita ba. Don haka a duba allurar zafi a dashbod, a kuma duba yawan ruwan bayan injin ya huce sarai. Idan allura na hawa, a ajiye batun sanyi tukuna, injin ne ke neman ceto.

Na'urar auna zafin ruwa da aka manta ba a jona ba na iya haifar da abu ɗaya. Haka na'urar auna zafin waje, ƴar ƙarama da ke bayan bamba ko gaban kondensa: idan ta zare, motoci da dama kan ɗauka ana tsananin sanyi, wasu har su nuna digiri 40 ƙasa da sifili a allo, su ƙi kunna kwamfuresa alhali ana tsakiyar bazara a Zinder.

Cire batir na share wasu abubuwan da kwamfuta ta koya. Injin na iya yin silo ƙasa-ƙasa na ɗan lokaci, har ya riƙa neman mutuwa idan an kunna AC, kafin ya daidaita bayan an ɗan yi tafiya. Idan fitilar injin ta kama a dashbod bayan gyara, a kai a jona na'urar karanta matsala. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, duk suna da soket ɗin wannan na'ura yawanci a ƙarƙashin sitiyari, kuma galibin motocin da ke shigowa ta Kwatano, Lome, Duwala da Tema daga can suke. Lambar da za ta fito kan nuna ainihin soket ɗin da aka manta.

Fanka da kondensa

A yawancin motoci masu fankar lantarki, fankar gaba na tashi cikin ɗan lokaci bayan an kunna AC. Idan ba ta tashi ba, gas ba ya hucewa, matsi ya yi ta hawa har na'urar kariya ta yanke kwamfuresa, galibi idan ya kai wajen bar 30. Shi ya sa ake samun sanyi a kan babbar hanya, inda iska ke shiga da kanta, a rasa shi a cunkoson kasuwa.

A duba soket ɗin fankar. Idan an yanke wayoyinta an sake haɗawa, a tabbatar ba a juya su ba, domin fankar da ke juyawa baibai tana tura iska gaba maimakon ta ja ta zuwa wajen injin. Takarda ɗaya ta isa gwaji: a kawo ta gaban kondensa, ya kamata ta manne. A kuma mayar da rumfar robar da ke kewaye da fanka da sauran robobin da ke gefen lagireto. Wasu kan yar da su a matsayin tarkace, alhali su ne ke tilasta wa iska ratsa kondensa maimakon ta zagaye.

Ƙurar hunturu, ƙwari da ledoji kan toshe tsakanin kondensa da lagireto. Ana wanke wurin da ruwa marar ƙarfi. Ruwan matsi na masu wankin mota, idan aka kawo shi kusa, yana lanƙwasa siraran fikafikan aluminiyam ɗin.

Idan gas ne ya zube

Wanda ya ji wani huci mai ƙarfi lokacin aiki, ko ya kwance wani bututun aluminiyam bisa zaton na ruwa ne, ya riga ya san amsar. Amma zuba na iya faruwa a ɓoye. Kondensa siririya ce, gefen lagireto ko bakin sukudireba na iya huda ta. Kwamfuresar da aka kwance aka bari tana rataye da tiyonta, ba tare da an ɗaure ta da igiya ba, tana jan mahaɗan har su fara yoyo. Bututun da aka lanƙwasa don a sami wurin sa hannu na iya tsagewa, ko ya koma yana gogar wani ƙarfe har ya hude bayan kwanaki.

Gas ɗin na tafiya tare da mai, don haka inda yake fita kan bar tabon maiƙo da ƙura ta manne a kai. A bi bututai da mahaɗai da fuskar kondensa da tocila. Ruwan sabulu na nuna kumfa a wurin yoyo idan akwai sauran matsi a ciki. Abin da bai kamata ba shi ne danna bakin bawul da ƙusa don a ji ko akwai gas. Hucin da za a ji ba ya nuna yawansa, ana ƙara asarar wanda ya rage, kuma ruwan gas ɗin na ƙona fata da ido saboda tsananin sanyinsa.

Gejin mai gyaran AC ne ke ba da amsa. Idan injin ya daɗe a kashe, matsin R134a kan kasance kusa da bar 6 da rabi a zafin digiri 30, kusa da bar 9 a digiri 40. Idan ya faɗi ƙasa da wajen bar 2, na'urar kariya ba ta barin kwamfuresa ta kama. Sai dai wannan awo na nuna akwai gas ne kawai, ba ya nuna ko ya cika, domin rabin gas ma na iya ba da lamba ɗaya. Saboda haka cikawa ta gaskiya da sikeli ake yin ta. Nauyin da motar ke buƙata na rubuce a wata takarda da ke manne a ƙarƙashin bonet, kuma a ƙananan motoci yawanci yana tsakanin giram 400 zuwa 800. Cikawa fiye da haka na rage sanyi, yana kuma wahalar da kwamfuresa.

Idan bututai sun zauna a buɗe, danshi ya shiga. Man kwamfuresa na R134a na tsotsar danshi da sauri, danshin kuma na daskarewa a ƙanƙanuwar kafar nan ya toshe ta, ya kuma ci ƙarfe daga ciki. Aikin da ya dace shi ne a toshe yoyon, a sa sababbin zobban roba na AC a mahaɗan da aka buɗe, a sauya tukunyar tace danshi, a jona famfon zuƙe iska na aƙalla minti 30, a tsaya a ga ko allura ta riƙe, sannan a cika. Mai gyaran da ba shi da famfon zuƙe iska da sikeli, ƙiyasi kawai yake yi da kuɗin mai mota.

Sanyi na nan amma ba ya isowa

A tsofaffin motoci da dama, ƙofofin da ke raba iska na aiki ne da wani siririn tiyo mai zuƙo iska daga injin. Idan an manta da shi ko ya tsage, iska kan koma fita ta wajen gilashin gaba kawai, injin ma ya riƙa rawa a silo. A motocin da ke daidaita sanyi da kansu, ƙananan motocin lantarki ne ke juya ƙofofin, kuma bayan cire batir wasu na buƙatar a sake saita su kamar yadda littafin motar ya nuna. Idan akwai bawul mai tsare ruwan zafi daga shiga hita, a duba ko an mayar da wayarsa ko tiyonsa, in ba haka ba zafin hita na cinye sanyin. Matatar iskar ciki, wadda galibi ke bayan akwatin dashbod na ɓangaren fasinja, ita ma ƙura na toshe ta har iska ta koma kamar numfashi.

Gajerun hanyoyi masu tsada

Ana yawan ganin an haɗa wayoyin na'urar auna matsi, ko an jawo wuta kai tsaye daga batir zuwa kuloci don a tilasta wa kwamfuresa aiki. Tunda gas ne ke zagayawa da mai, kwamfuresar da ke juyawa babu gas tana aiki ne a bushe. Idan ta ci kanta, garin ƙarfe na bazuwa cikin bututai da kondensa, gyaran da soket ɗaya zai magance ya koma sauya rabin na'urar.

Gas ɗin girki na ba da sanyi, amma yana kamawa da wuta, kuma yoyonsa na iya taruwa a cikin mota inda mutane ke zaune. Bai halatta a gwada yoyo da iskar oksijin ta masu walda ba, domin haɗuwarta da mai na haddasa fashewa. Naitirojin ake amfani da shi. Kada kuma a kusantar da wutar walda ga bututun da ke da gas, hayaƙin da ke fita guba ne.

Nau'in gas ma abin lura ne. Tsofaffin motoci sun yi amfani da R12, wanda aka daina bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya, R134a ya maye gurbinsa a farkon shekarun 1990. Tun daga Janairun 2017, dokar Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin motoci masu R134a, yawancinsu suka koma R1234yf, kuma irin waɗannan motoci sun fara shigowa kasuwannin yankin. Bakin cikawarsu ya bambanta, ba a kuma gauraya su. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Prius, na da kwamfuresar lantarki mai buƙatar mai na musamman, kuma wayoyinta masu launin lemo na ɗauke da wutar da ke kisa. Wannan ba aikin ƙofar gida ba ne.

Akwai kuma gas na jabu. A 2011 wasu kwantenoni masu sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Vietnam da Brazil, ma'aikata uku suka mutu, bincike ya danganta lamarin da R134a na jabu da aka gauraya da sinadarin R40, wanda ke cin aluminiyam. Gas mai arha fiye da ƙima, a cikin tukunya marar sunan kamfani, abin gudu ne.

Inda aikin mai mota ya tsaya

Soket, fiyus, rile, bel, fanka, ruwan lagireto da matatar iska duk mai mota na iya dubawa. Duk abin da ya shafi buɗe bututu ko cika gas na mai kayan aiki ne. Idan za a je wurinsa, a gaya masa gaskiyar abin da aka yi da abin da aka cire. Wasu kan ɓoye don kunya, sai makanike ya ɓata rabin yini yana laluben abin da jimla ɗaya za ta nuna masa. Idan ya ce kwamfuresa ta mutu, mai mota na da haƙƙin tambaya: wuta na isa gare ta? Nawa geji ya nuna? Ina yoyon yake? Wanda ya san aikinsa zai amsa da lambobi, ya kuma nuna wurin da yatsa.

A gyara na gaba kuma, a kunna AC kafin a fara don a san halin da yake ciki. A ɗauki hotunan injin da waya ta kowane gefe, musamman hanyar bel. A liƙa wa kowane soket da tiyo ƴar takarda mai lamba, a cire kan batir, a sa kwali a gaban kondensa, a ɗaure kwamfuresa da igiya idan an kwance ta. Bayan an gama, a gwada AC da fanka kafin a rufe bonet, tun kayan aiki na hannu. Ko a cikin hunturu, a riƙa kunna shi na minti goma a mako domin mai ya zagaya, robobin mahaɗai kada su bushe kafin zafi ya dawo.